Ina Sabis Yake Tafiya Ranar Kasuwa?

   

Yau filin namu zai leƙa yammacin Kano ne, ƙasar Gwarzo da Kabo, saboda wani koke da ya yawaita a bakin matan Mainika da Getso da Kutama da Lakwaya, har Garo da Gude. Koken kuwa shi ne: wayar da take shiga lafiya lau a sauran ranaku, da zarar an ce yau kasuwa, ko yau salla, ko ana wani babban biki a gari, sai ta ƙi. Ga kati a ciki, ga caji, ga sandunan sabis sun cika fal, amma ki kira sau biyar, matar nan ta cikin waya tana ce miki ki sake gwadawa. Wata ta ce wayar ce ta tsufa. Wata ta ce hazo ne. Wata kuma ta rantse da gangan ake yi.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce a wurinmu. Mace mai kulle, waya ita ce ƙafarta. Da ita kike gaida iyaye, da ita ake sanar da ke haihuwa da rasuwa, da ita mai sayen ƙuli-ƙuli da man gyaɗa yake ce miki a ajiye masa kwalba kaza. In kuma naƙuda ta zo da gardama cikin dare, maigida yana ci-rani a Legas, da ita za a kira mai motar da zai kai ki asibitin Gwarzo. To abin da ya kai wannan matsayi ai ya kamata ki san yadda yake aiki. Masu iya magana sun ce sanin wurin bugu shi ne ƙira.

Bari mu fara da abin da kika riga kika sani, wato rediyon da ke gefenki. In kina neman tasha, murɗawa kike yi har ki kai kan lambarta. Wannan lambar ita ake kira mita. Kowace tasha da tata mitar, kamar yadda kowane gida yake da tasa ƙofar. In tashoshi biyu suka hau mita ɗaya a gari ɗaya, ba wadda za ki ji, sai hayaniya da ƙugi. To ita ma wayar hannunki 'yar ƙaramar rediyo ce, sai dai ita tana ji kuma tana mayar da magana. Ba zare ko igiya tsakaninta da dogon ƙarfen nan na sabis da ake hangowa daga tsakar gida. A kan mita muryarki take hawa ta je can, a kan mita muryar 'yar uwarki take saukowa ta zo miki.

Ga inda gizo ke saƙar: mitocin nan ba su da yawa. Kamar gonar gado suke, iyakarta ke nan, ba ta ƙaruwa, magada kuwa kullum ƙaruwa suke. Gidajen rediyo na da rabonsu, talabijin na da nasa, jiragen sama da sojoji da 'yan sanda kowa da nasa. Abin da ya rage wa wayar salula ɗan yanki ne, kuma Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, ita ke raba shi ga kamfanoni. Don ki san tsadarsa, a watan Janairun 2001 da aka yi gwanjon lasisin farko a Abuja, dala miliyan 285 aka yanke wa kowane kamfani. A watan Agusta na shekarar MTN da Econet, wanda yau ya zama Airtel, suka fara aiki, Glo ya biyo baya a 2003. Iyayenmu za su tuna lokacin da layi kaɗai yakan kai naira 20,000, kira kuma naira 50 minti ɗaya. Kafin nan, layukan waya a Nijeriya kakaf ba su kai rabin miliyan ba. Yau sun haura miliyan 150.

To ta yaya wannan ɗan yanki zai ɗauki muryoyin miliyoyin mutane? Wannan tambaya ta daɗe tana ci wa masana tuwo a ƙwarya. A da can, a Amurka, dabarar ita ce a kafa eriya ɗaya doguwa a tsakiyar birni, mai ƙarfin gaske, ta game ko'ina. Duk wanda ya hau mita ɗaya, ya kame ta ke nan a faɗin birnin har ya gama maganarsa. Sakamakon haka, a shekarar 1976, birnin Niyu Yok mai miliyoyin jama'a hanyoyi 12 kacal gare shi na wayar tafi-da-gidanka. Mutum 543 ne ke da wayar, sama da 3,700 suna layin jira.

Amma tun 1947 wani injiniya mai suna Douglas Ring, a ɗakin binciken kamfanin waya na Bell, ya rubuta mafita. Ya ce a daina ihu da eriya ɗaya. A yanka ƙasa gida-gida, kowane gida da 'yar eriyarsa mai magana ƙasa-ƙasa. In aka yi haka, mitar da aka yi amfani da ita a nan, za a iya sake amfani da ita a can gaba, ba tare da sun ji juna ba. Sai da aka shekara sama da talatin kafin na'urori su kai ga iya wannan aiki. Birnin Tokiyo na Japan ne ya fara a 1979.

Ga misali daga cikin gida. Ace kina da 'ya Amina. Kin tsaya a tsakar gida kin ce, "Amina!" Ita za ta amsa. In maƙwabciyarki ta bayan katanga ita ma tana da Amina, ai kin san rikicin da ake yi: ki kira taki, tata ta amsa. Shi ya sa ake sa wa ɗaya laƙabi, a ce wannan Ummi, waccan Iya. Amma Aminar da ke Getso fa? Ko Aminar Kabo? Ba ruwansu da kiranki, don muryarki ba ta kai can. Ashe suna ɗaya zai ishi 'ya'ya dubu, muddin an kiyaye abu biyu: kada maƙwabta na kusa su yi suna ɗaya, kuma kada mai kira ta ɗaga murya fiye da kima. To sunan shi ne mita, gidan shi ne yankin da ƙarfen sabis ɗaya yake kula da shi, ƙarfin muryar kuma shi ne ƙarfin eriya. Wannan shi ne sirrin wayar salula gaba ɗayansa: maimaita mita ɗaya a wurare masu nisa da juna.

Su ma gidajen rediyo haka suke yi. Ki murɗa zuwa 99.5 a Kano, Freedom Radio za ki ji. Ki ɗauki rediyon nan ki kai shi Abuja, ba ki taɓa komai ba, Wazobia FM za ki ji a kan lambar nan dai. Nisan da ke tsakani ne ya raba gardama. Bambancin kawai shi ne, su rediyo ɗaruruwan kilomita ke raba su, ita kuwa waya kilomita kaɗan sun isa, don da gangan aka rage mata murya.

In injiniyoyi za su zana wannan tsari a takarda, sukan zana shi kamar saƙar zuma, 'yan ɗakuna masu kusurwa shida a manne da juna. Kalmar salula ma daga nan ta fito, don asalinta a Turanci daga sunan irin wannan ɗan ɗaki ne. In kin lura da saƙar zuma, kowane ɗaki yana da maƙwabta shida da suka kewaye shi. Shi ya sa a tsarin da aka fi sani ake kasa mitocin kamfani kashi bakwai: ɗaki na tsakiya ya ɗauki kashi ɗaya, maƙwabtansa shida su ɗauki sauran. In an wuce su, sai a sake farawa daga kashi na farko. Haka za a yi ta shimfiɗawa kamar zanen tabarma, daga Gwarzo har Maiduguri. Akwai kuma tsarin da ke kasawa huɗu ko uku, gwargwadon yadda na'urar ke jure wa hayaniyar maƙwabta. In yaro ya taɓa ba ki labarin fararen akwatuna dogaye da ke saman ƙarfen, kowane rukuni yana kallon nasa ɓangaren, to wata dabarar ce: an raba gidan sassa uku, kowane sashe da nasa mitocin. Mai kama da ganga ko faranti kuwa, ita ce ke magana da ƙarfe na gaba.

Yanzu mun iso kan koken namu. Tunda an kasa mitoci, ƙarfen da ke kula da garinku kaɗan ya samu. A tsarin da ƙananan wayoyinmu masu madanni suka fi amfani da shi, wanda ake kira 2G, mita ɗaya mutum takwas take ɗauka. Yaya? Kamar ƙwaryar fura ce da ludayi ɗaya, mutum takwas sun kewaye ta, kowa ya kurɓa ya miƙa wa na kusa. Sai dai wannan ludayin yana zagayowa fiye da sau 200 a cikin daƙiƙa ɗaya, don haka kowa gani yake shi kaɗai ke sha. Mu ƙaddara sashen da ke kallon unguwarku yana da mita huɗu. Huɗu sau takwas, gurbi 32 ke nan. A cire biyu ko uku da ƙarfen ke riƙewa don harkokin kansa, kamar neman waya da aika tes, saura kamar 30. Ma'ana, mutum 30 ne za su iya magana a lokaci guda.

A ranar da ba kowa, wannan ya isa har da ragi, don ba duka gari ke waya a lokaci ɗaya ba. Amma ranar kasuwar Getso fa? Fatake da dillalai da direbobi sun taru daga ko'ina a ƙarƙashin ƙarfe ɗaya, kowa waya a kunne, ana cinikin hatsi da dabbobi. Ko ranar salla bayan saukowa daga idi, kowa na son yi wa nasa barka. In gurabun sun cika, ke da kika zo daga baya sai dai ki jira wani ya ajiye. In dambu ya yi yawa, ba ya jin mai. Wani lokaci ƙarfen yakan raba gurbi ɗaya biyu don a samu shiga, shi ya sa a irin wannan rana kike jin murya a dishe.

Ki riƙe wannan da kyau, uwargida: sandunan sabis da ke goshin wayarki suna gaya miki ne cewa wayar tana jin ƙarfen sosai. Ba sa gaya miki ko akwai gurbi. Kamar rijiya ce a ƙofar gida: kusancinta daban, samun wurin zura guga daban. Don haka sabis ba ya tafiya ko'ina ranar kasuwa. Yana nan, hannaye ne suka yi masa yawa.

Wata za ta ce, to me zai hana a ƙara wa ƙarfen ƙarfi? Ai kin ga amsar tun a wurin Amina. In kika ɗaga murya, Aminar wani gari za ta fara amsawa, a ɓata wa kowa. Ƙarin ƙarfi ba ya ƙara gurbi ko ɗaya. Maganin shi ne abin da ake yi in gida ya cika da iyali: a fitar da sabon sashe. A kafa wani ƙarfen, a rage faɗin yankin kowanne, a maimaita mitocin kusa-kusa. Shi ya sa a cikin birnin Kano, wajen Kantin Kwari da Sabon Gari, ba ka yin doguwar tafiya ba ka ga eriya ba, wasu ma a kan rufin benaye. A karkara kuwa ƙarfe ɗaya yakan riƙe ƙauyuka da dama, don kafa shi da ciyar da shi da man janareto dare da rana kuɗi ne mai yawa, kamfani kuma yawan masu kira yake dubawa.

Wannan tsari na gida-gida shi ne kuma dalilin katsewar kira a mota. In an ɗauko ki daga Gwarzo za a kai ki Kano, ta Kabo da Rimin Gado da Janguza, kina magana a hanya, ba ƙarfe ɗaya ke riƙe da ke ba. Wannan ya miƙa ki ga wancan, wancan ya miƙa ki gaba, kamar yadda ake miƙa jariri hannu-hannu ranar suna, ke ba ki ma sani ba. In aka zo miƙawa aka tarar na gaban ya cika, ko akwai tazarar da ba mai karɓa, sai ki ji ɗif.

Masu manyan wayoyi na shafawa za su ce, mu fa da muke kan 4G? Gaskiya ne zamani ya ci gaba. A tsarin 3G da 4G, da 5G da ya shigo Nijeriya a 2022, an samu dabarun da maƙwabtan ƙarafa za su iya hawa mita ɗaya, ana bambance saƙon kowa da wata shaida, ko a yayyanka mitar ƙanana-ƙanana ana rabawa cikin ƙiftawar ido. Kamar yadda uwa take tsinto kukan ɗanta a cikin hayaniyar gidan biki. Amma tushen bai sauya ba: abin da ƙarfe ɗaya zai iya ɗauka yana da iyaka, kuma duk wanda ke ƙarƙashinsa a akushi ɗaya yake ci. In hannaye sun yi yawa, loma ta ƙanƙance. Shi ya sa hoton da ya ƙi buɗewa bayan isha'i, da asuba sai ki ga ya sauko nan take.

Maƙwabtanmu na Katsina sun ga iyakar waɗannan gidaje da idonsu. A watan Satumbar 2021, saboda matsalar 'yan bindiga, an rufe sabis a jihar Zamfara, sannan a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, har na tsawon watanni. An iya yin haka ne don kowane ƙarfe da iyakarsa: a kashe na nan, na can yana aiki. Mutane suka riƙa yin tattaki zuwa garuruwan da ba a rufe ba, ko su hau tudu da duwatsu, don wayarsu ta jiyo ƙarfen maƙwabta su samu su gaida 'yan uwa. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya kiyaye na gaba.

Akwai kuma tsoron da ake yawan yi, wai ƙarfen sabis kusa da gida yana kawo ciwo ko ɓari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta duba binciken da aka yi, ta ce ba a samu gamsasshiyar hujja cewa ɗan abin da ke isowa ga jama'a daga waɗannan ƙarafa yana cutarwa ba. Hasali ma, in ƙarfe ya yi nisa, wayarki ce ke ƙara ɗaga murya don a ji ta, shi ya sa caji ke saurin ƙarewa a inda sabis ba shi da ƙarfi. Ƙarar janareto da hayaƙinsa, wannan koke ne na gaskiya, kuma maigida na iya kai shi ga mai unguwa ko dagaci. Amma masu satar mai da batura a gindin ƙarfe, su sani gari guda suke toshe wa baki. A 2024 gwamnatin tarayya ta sa kayan sadarwa cikin jerin muhimman kadarorin ƙasa da doka ta ba kariya ta musamman. A ja wa samari kunne.

To me za ki yi da wannan sani? Ga 'yan shawarwari.

Na farko, in kira ya ƙi daga ƙuryar ɗaki, fito tsakar gida. Katangar ƙasa mai kauri da rufin kwano suna rage ƙarfin saƙo. Ki lura da kusurwar da sabis ya fi kamawa a gidanku, ki nuna wa kowa ita, har yara.

Na biyu, kiran da ba na gaggawa ba, ki kauce wa lokacin cunkoso. Gaisuwar salla ba ta lalacewa in an yi ta da daddare ko washegari da sassafe. In kuma kin samu shiga a ranar cunkoso, ki taƙaita, wataƙila mai jiran gurbin nan mara lafiya gare ta.

Na uku, in kira ya ƙi, a aika tes. Shi tes ɗan wuri kaɗan yake bukata, kuma in bai samu mai shi ba, ana ajiye shi har a same shi. In ba ki iya rubutun boko ba, ɗan makarantar gidan ya rubuta miki. Mai babbar waya kuma ta aika saƙon murya, zai jira ya tafi da kansa in hanya ta buɗe.

Na huɗu, in da hali, a samu layin kamfani biyu a gida, ko ki san maƙwabciyar da layinta ya bambanta da naki. Kowane kamfani da nasa rabon mitocin, don haka cikar wannan ba lalle ta zama cikar wancan ba.

Na biyar, kuma shi ne mafi girma, ke mai juna biyu: ba a fafe gora ranar tafiya. Tun wata na bakwai ku zauna da maigida a tsara. A ajiye lambar mai mota ko mai a-daidaita-sahu fiye da ɗaya, da ta ma'aikaciyar asibitin da kike awo. A rubuta su a takarda ma, ba a cikin waya kaɗai ba. Kada waya ta kwana ba caji, ba kati. A kuma san wanda za a tura da ƙafa ko a kan babur in sabis ya ƙi, kuma maigida ya bar izinin fita asibiti tun kafin ya yi tafiya. In an ga jini, ko jijjiga, ko naƙuda ta daɗe, kada a zauna ana ta danna waya, a kama hanya.

Nan za mu dakata a yau, 'yan uwa. In maigida ya dawo daga kasuwa yana faɗan waya ta ƙi shiga, ki zuba masa ruwa ya sha, sannan ki ba shi labarin Amina da ludayin fura. Muna gaida matan Mainika da kewaye, da duk mai saurarenmu a cikin ɗaki. Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya ba marasa lafiya sauƙi, ya sa albarka a sana'o'inmu. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.